Gurguwar Kaza: Daga Batabiya Zuwa Achilafiya

A cikin azumin bara, ana saura mako uku Sallah, na je Achilafiya da ke ƙaramar hukumar 'Yankwashi a masarautar Kazaure don in gaida goggona. Ba mu gama gaisawa ba ta miƙe ta ja ni zuwa wani ɗaki na ƙurya da ta mayar akurki. Kuɗin adashinta ta kwasa ta sayo 'yan tsakin gidan gona guda talatin, irin fararen nan masu saurin girma, da niyyar ta sayar ranar jajibere ta yi wa marayun da ke hannunta ɗinki. Bakwai daga cikinsu na zaune daɓas bisa gwiwoyinsu. In suna son kaiwa ga mazubin abinci, sai su dogara da fukafukai su ja jiki.

"Ɗan nan, kai da ka yi boko, duba mini," in ji ta. "Ba mura, ba zawo, ci kuwa kamar gara. Ƙafa ce kawai ta ƙi. Ja da yalo na ba su har kati biyu, shiru kake ji."

Na ce, "Goggo, me kika sauya musu?"

Ta ce ba ta sauya komai ba. Sai da hira ta yi nisa sannan ta ambata cewa buhun abincin kamfani ya yi tsada, don haka tun suna da mako biyu take cuɗa kwano ɗaya nasa da kwano biyu na dusar masara. Tagar ɗakin ta toshe ta da tsumma saboda muzuru, fitila kuma a kunne take kwana don su yi ta ci. A tsakar gida kuwa, ga kajinta na Hausa suna tono a gindin rumbu, ba mai ba su komai sai ɗan tsaki da safe, kuma ba wadda ke ko ɗingishi.

Ni ba likitan dabbobi ba ne. Tambayar da na yi mata aro na yi daga tarihi. Kalma ɗaya muke da ita, mu ce kaza ta gurgunce, alhali a ƙarƙashin kalmar akwai cututtuka da dama waɗanda alama kaɗai ta haɗa su. Rarrabe su ya ɗauki masana kimanin shekara 80, daga 1890 zuwa 1970, kuma kusan kowane mataki an taka shi ne sa'ad da wani ya tsaya ya tambayi abin da ya sauya a rayuwar kazar kafin ƙafarta ta gaza. A kan wannan hanya ce aka tsinci ilimin bitamin da ɗan Adam ke cin moriyarsa yau.

Shinkafar soja da kajin farar hula

A 1886 gwamnatin Holan ta aika da tawagar likitoci zuwa Batabiya, birnin da ake kira Jakarta yanzu, a tsibirin Jawa da take mulka. Wata cuta mai suna beriberi, wadda sunanta bai haɗa komai da Barebari ba, ta addabi sojoji da fursunoni da ma'aikatan jiragen ruwa. Ƙafafun mutum su yi nauyi, su mutu, wani jikinsa ya kumbura, daga bisani zuciya ta gaza. Zamani ne da Louis Pasteur da Robert Koch suka nuna wa duniya cewa ƙwayoyin da ido ba ya gani ke haddasa cututtuka da yawa, saboda haka kowa ya ɗauka ita ma beriberi tana da tata ƙwayar. A cikin tawagar akwai wani matashin likitan soja, Christiaan Eijkman, wanda ya yi aiki a ɗakin binciken Koch a Balin. Da manyan suka koma gida, shi aka bar wa ɗakin binciken da ke jikin asibitin soja.

Eijkman ya riƙa gwaji da kaji yana neman ƙwayar. Ana nan sai kajin suka fara tangaɗi, ƙafafu suka ƙi ɗaukarsu, suka kwanta a gefe. Da ya duba jijiyoyinsu na saƙo, wato waɗanda ke kai umarni daga laka zuwa tsoka, sai ya tarar sun lalace kamar na masu beriberi. Abin da ya rikita shi shi ne, har kajin da bai yi wa allurar komai ba sun kamu. Bayan 'yan watanni kuma cutar ta ɗauke da kanta, marasa lafiyan suka miƙe.

Da ya bi diddigi, sai amsar ta fito daga madafa. Mai kula da kajin, don ya rage kashe kuɗi, ya riƙa karɓo ragowar dafaffiyar farar shinkafa daga asibitin soja yana zuba musu. Sai aka sauya kuku, sabon ya hana, a bisa hujjar cewa shinkafar soja ba ta halatta ga kajin farar hula ba. Aka koma ba su shinkafar da ba a goge ba, mai ɗauke da dusarta, suka warke. Eijkman ya wallafa rahotonsa na farko a 1890, ya kuma shafe shekaru yana maimaita gwajin: kazar da aka tsare a kan farar shinkafa zalla takan gurgunce cikin 'yan makonni, in aka mayar mata da dusar sai ta tashi.

Fassarar da ya yi wa abin ba daidai ba ce. Ya ɗauka akwai guba a cikin farar shinkafa, dusa kuma makarinta ce. Amma abokinsa Adolphe Vorderman, mai duba lafiya a gidajen yarin Jawa, ya ƙirga ya ga cewa inda ake ciyar da fursunoni farar shinkafa, mutum 1 cikin 39 na da beriberi, inda kuwa ake ba su wadda ba a goge ba, kimanin 1 ne cikin 10,000. Bayan rashin lafiya ta mayar da Eijkman Holan a 1896, magajinsa Gerrit Grijns ya kai ga gaskiyar a 1901: ba guba a cikin shinkafar, wani abu ne jiki ke bukata wanda gugar ta tafi da shi. A 1912 Casimir Funk, ɗan ƙasar Folan da ke aiki a Landan, ya raɗa wa irin waɗannan abubuwa sunan da ya zama bitamin. A 1926, a wannan ɗakin bincike na Batabiya, Barend Jansen da Willem Donath suka tace sinadarin daga dusar shinkafa, shi ne bitamin B1. An ba Eijkman kyautar Nobel a 1929 tare da Frederick Gowland Hopkins na Ingila.

Mai karatu da ya tashi a gidan da ake surfe zai ga wani abu a nan. Idan mace ta surfa gero ko dawa ta bakace, dusar ba bola take tafiya ba, akuya da kaza ake ba. Rabon da aka hana kajin Batabiya shi ne abincin yau da kullum na kazar Bahaushe, shi ya sa irin wannan gurguntar ba ta cika samunta ba. Sai dai kuma dusa ba ta ƙunshi komai da komai ba, kuma wannan shi ne darasin da ya biyo baya.

Abin da ɗaki ya raba kaza da shi

Har zuwa farkon ƙarni na 20, kiwon kaji a Amurka bai yi nisa da namu ba. Aikin mata ne a bayan gida, don ƙwai da ɗan kuɗin cefane. Duk wanda ya yi ƙoƙarin tara 'yan tsaki da yawa a ɗaki lokacin sanyin ƙasar, inda ba a iya sakinsu waje, sai ya tarar da su bayan 'yan makonni a zaune, ƙasusuwa sun yi laushi, ƙafafu sun lanƙwashe. Manoma suka sa wa abin suna raunin ƙafa, suka kuma yarda cewa ɗan tsako ba ya rayuwa sai ya taka ƙasa.

A Jami'ar Wiskonsin, E. B. Hart da J. G. Halpin da Harry Steenbock suka nuna a 1922 cewa ɗan man hantar kifi a cikin abinci yana hana wannan rauni. A wannan shekarar ce Elmer McCollum ya tabbatar da cewa sinadarin da ke hana laushin ƙashi bitamin ne mai zaman kansa, wanda aka sa wa harafin D. Ba a jima ba aka gane cewa hasken rana na yin aikin da man kifin ke yi, domin fata na ƙera bitamin ɗin idan hasken ya taɓa ta kai tsaye, kuma gilashin taga na tare ɓangaren hasken da ake bukata. Ashe rana ɗan tsakon ke nema a waje. Ba tare da bitamin D ba, hanji ba ya iya jan kalsiyam yadda ya kamata, ƙashi kuwa da kalsiyam da fosfaras ake gina shi.

Wannan gano ne ya buɗe ƙofar kiwon kaji na ɗaki. A 1923 wata mata a jihar Dalawaya, Cecile Steele, ta yi odar 'yan tsaki 50 aka kawo mata 500 bisa kuskure. Ta riƙe su ta yi kiwonsu don nama, ta ci riba, maƙwabta suka kwaikwaya. Daga nan ake ƙirga farkon sana'ar kajin nama. Amma da aka rufe kaza aka magance laushin ƙashi, sai wasu gurguntar suka ɓullo, kowace da kamanninta.

Ɗaya ita ce zamewar agara. Gaɓar da muke kira gwiwar kaza ta kumbura ta baje, agarar da ke bi ta bayanta ta goce daga gurbinta, ƙafa ta karkace waje. A Jami'ar Konel, H. S. Wilgus da L. C. Norris da G. F. Heuser suka lura cewa wani gishirin fosfaras da ba a tace sosai ba yana hana cutar, tataccen kuwa ba ya hanawa. Da suka binciki dattin da ke cikinsa, suka gano a 1936 cewa manganis ne maganin, wani ƙarfe da jiki ke bukatar ɗan kaɗan nasa. Daga baya aka ga rashin wasu bitamin na dangin B ma na jawo ta. Ɗayar kuma ita ce nannaɗewar yatsu: ɗan tsako ya dunƙule yatsunsa ciki kamar mai riƙe abu, ya riƙa tafiya bisa gwiwa. A cikin shekarun 1930 aka tabbatar rashin bitamin B2 ne, wanda ke da yawa a madara da ɗanyen ganye da yis, yake kuma da ƙaranci a ƙwayar hatsi.

Idan aka jera waɗannan, za a ga duk abubuwa ne da kazar tsakar gida ke samu ba tare da kowa ya lura ba. Rana tana dukanta. Tana tsinkar ganye, ta kama gara da fara da tsutsa, ta haɗiye tsakuwa da ɓawon ƙwai da guntun ƙashi a bola. Ranar da aka rufe ta a ɗaki, duk wannan ya koma wuyan mai ita, sai ya saya da kuɗi. Abincin kamfani lissafi ne da aka gina a kan binciken waɗancan shekaru. Ɗan tsakon nama na bukatar kalsiyam kusan kashi 1 cikin 100 na abincinsa, mai yin ƙwai na bukatar kashi 3 da rabi zuwa 4, masara kuwa abin da ke cikinta bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Wanda ya cuɗa kwano ɗaya na abincin da kwano biyu na dusa ya cika cikin kazar, amma kalsiyam ɗin da ke isa ƙashinta ya ragu zuwa kusan sulusi.

Jikin da ya fi ƙarfin ƙafa

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin kantunan A&P na Amurka ya ɗauki nauyin wata gasa ta neman kazar gobe, mai faɗin ƙirji da saurin girma. A zagayen ƙarshe na 1948, Charles Vantress na Kalifoniya ya yi nasara da wani haɗin jinsi biyu, gonar Arbor Acres kuma ta yi fice da fararen kajinta. Daga irin waɗannan zuriyoyi aka ci gaba da zaɓe, tsara bayan tsara, har aka samu farar kazar da ke ɗakin goggona.

Masu bincike a Jami'ar Albata ta Kanada, ƙarƙashin Martin Zuidhof, sun wallafa wani gwaji a 2014. Sun yi kiwon jinsin 1957 da na 1978 da na 2005 a kan abinci iri ɗaya. A kwana 56, na farko ya kai giram 905, na biyu giram 1,808, na uku giram 4,202. Tsoka ta ninka fiye da sau huɗu a cikin kwanaki iri ɗaya, ƙashin da zai ɗauke ta kuwa har yanzu na ɗan tsako ne da bai gama ƙwari ba. A 2008 Toby Knowles da abokan aikinsa na Jami'ar Biristol suka duba tafiyar kaji 51,000 a gonakin Birtaniya. A wajen kwana 40, kashi 27.6 cikin 100 ba sa tafiya daidai, kashi 3.3 kuwa da ƙyar suke iya ɗaga ƙafa. Gonaki ne masu cikakken abinci da likitoci. Tun a 2000 wasu masu bincike a wannan jami'a suka ajiye wa kaji abinci iri biyu, ɗaya da maganin kashe zafi a ciki, suka ga guragun sun fi masu lafiya zaɓar mai maganin. Kazar da ke zaune a gindin mazubi ciwo take ji.

Wannan kaza ta shigo gidajenmu a hankali. Shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976 ya ƙarfafa wa ma'aikata gwiwa su yi kiwon kaji a bayan gida, sunan kajin agirik ya bi gari. Yau yawancin 'yan tsakin da ake sayarwa a Kano daga wuraren ƙyanƙyasa na kudu maso yamma suke zuwa, musamman yankin Ibadan, daga Kano kuma su bazu zuwa Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura. Kazar na isowa, amma sharuɗɗanta ba sa biyo ta cikin kwali. An tsara ta ne a yanka ta a mako shida zuwa takwas. Wanda ya riƙe ta har wata uku yana jiran farashin Sallah ko Kirsimeti, yana ɗora wa ƙafar kayan da ba a yi ta dominsu ba. Fitilar da ke kwana a kunne ma tana da hannu. Dokar Tarayyar Turai ta 2007 ta wajabta wa masu kiwon kajin nama su ba su duhu na aƙalla awa shida a kowane yini, kuma binciken Biristol ya nuna ƙarancin duhu da cunkoso na cikin abubuwan da ke ƙara gurgunta. Jinsunan da ke girma a hankali, irin su Noiler da gonar Amo ta samar a Awe ta jihar Oyo, ko Shika Brown mai ƙwai ta cibiyar binciken dabbobi da ke Shika kusa da Zariya, ba su cika fama da wannan nauyin ba.

Gurguntar da abinci ba ya warkarwa

Kada mai karatu ya ɗauka kazar Hausa ta tsira daga komai. Akwai gurguntar da yawo da rana ba sa karewa, kuma a nan zaton farko na Eijkman ne ke da gaskiya: ƙwayar cuta ce.

A 1907 wani likitan dabbobi a Budafes ta ƙasar Hangari, József Marek, ya bayyana wasu zakaru huɗu da ƙafafunsu suka shanye, jijiyoyinsu na saƙo sun kumbura. Cutar da ke ɗauke da sunansa ta jira shekara 60 kafin a san sanadinta. A 1967 A. E. Churchill da P. M. Biggs, a cibiyar binciken kaji ta Houghton a Ingila, suka nuna bairas ne, mai sa wasu ƙwayoyin jini su rikiɗe su zama daji su mamaye jijiyoyi da hanta da saifa. A 1970 masu bincike a jihar Mishigan ta Amurka suka samar da rigakafi daga wani ɗan'uwan bairas ɗin da ke jikin talotalo. Wannan na cikin alluran rigakafin daji na farko da aka yi amfani da su a duniya. Cutar Marek tana yaɗuwa ta ƙurar gashin kaza, ta fi kama masu tasowa 'yan wata biyu zuwa shida, kuma tana da wani zama da aka san ta da shi: ƙafa ɗaya ta miƙe gaba, ɗaya baya. Wani lokaci ido ya yi fari-fari. Ba ta da magani, ba ta kuma kama mutum. Rigakafinta a wurin ƙyanƙyasa ake yi, ranar farko ko ma tun ɗan tsako na cikin ƙwai, saboda haka tambayar da ya kamata a yi wa mai sayar da 'yan tsaki ita ce ko an yi musu.

Ta biyun kowane gida ya san ta, ko bai san sunanta na asibiti ba. Ita ce annobar da ke share akurki a cikin hunturu. An fara bayyana ta a 1926 a wurare biyu, a Jawa, wato tsibirin kajin Eijkman, da kuma kusa da garin Niyukasul na Ingila, wanda T. M. Doyle ya lanƙaya mata sunansa a 1927. A Nijeriya an fara tabbatar da ita a yankin Ibadan a 1952. Kaji da yawa ke kamuwa a lokaci guda, da koren zawo da numfashi da ƙyar, waɗanda suka ɗan jure kuma wuyansu ya murɗe, ƙafa da fiffike su shanye. Ita ma bairas ce, ja da yalo ba ya taɓa ta. Matsalar rigakafinta a ƙauye ita ce sanyi, domin alluran farko na lalacewa in ba firji. Masu bincike a Jami'ar Kwinslan ta Ostareliya, ƙarƙashin Peter Spradbrow, suka samar da wani nau'i mai jure zafi da ake kira I-2. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a can a 1924 don yaƙi da bushiya a shanu, tana sarrafa shi. Ɗigo ɗaya ake sa wa kaza a ido, a maimaita duk wata uku zuwa huɗu, kuma ya fi amfani in an yi kafin iskar hunturu ta kaɗa.

Akwai kuma alamar ƙafa guda da ba a wasa da ita. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, ta kuma isa Kano da wasu jihohi. Idan kaji na mutuwa farat ɗaya da yawa, tukku ya yi shuɗi-shuɗi, ƙwauri ya yi ja kamar jini ya kwanta a ƙarƙashin fata, to ba a yanka, ba a sayar, ba a fige. A sanar da ofishin likitan dabbobi, domin wannan tana iya kama mutum.

Yadda ake karanta ƙafa

Abin da wannan tarihi ya bar wa mai kaji goma ko hamsin shi ne 'yan tambayoyi da zai yi kafin ya tura yaro kemis.

Ta farko, guda nawa ne suka kamu? Idan kaza ɗaya ce, a ɗauke ta a juya ƙafar. Kumburi a tafin ƙafa mai baƙin ɓawo a tsakiya ƙurji ne da bakteriya ta shiga ta wani ɗan rauni, sau da yawa daga waya ko ƙusa ko jiƙaƙƙiyar shimfiɗa. A jiƙa ƙafar cikin ruwan ɗumi da gishiri, a wanke, a naɗe da tsumma mai tsabta, in ya yi zurfi a kai wa likita ya fitar da mugunyar. A nan ne maganin kashe bakteriya ke iya yin amfani, shi ma da shawarar likita. Idan ɓawon ƙwauri ya ɗaɗɗaga ya yi kauri da fari kamar an yaɓa toka, wani ƙanƙanin ƙwaro ne irin na ƙazuwa ke haƙa a ƙarƙashi, ya kuma fi kama tsofaffin kajin gida. A wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a shafe da basilin ko man kaɗanya har ya toshe wa ƙwaron numfashi, a yi ta maimaitawa na 'yan makonni, a share akurki. Kananzir da baƙin mai da wasu ke shafawa ƙona fata suke yi. Karaya kuwa ɗori take so, da ɗan kara da tsumma, a keɓe kazar mako biyu zuwa uku.

Ta biyu, kwanansu nawa? Ɗan tsakon kwana biyu da ƙafafunsa suka baje gefe da gefe, yawanci santsi ne ya ja, kamar na jarida ko leda ko siminti. A zuba ɓuntun shinkafa ko diddigar katako, a haɗa ƙafafun da lallausan zare daidai faɗin tsayuwarsa na 'yan kwanaki, sau da yawa yakan miƙe. Daga mako biyu zuwa shida, zargi na kan abinci da nauyi. Daga wata biyu zuwa sama, a tuna da Marek. Mai ƙwai da ta zauna ta kasa tashi, ƙwanta kuma ya yi laushi, kalsiyam ɗin ƙashinta ta kwashe ta zuba a ɓawo, domin kowane ɓawon ƙwai na cin kimanin giram 2. Garin ƙashi ko gasasshen ɓawon ƙwai da aka daka na taimaka mata. Sai dai kada a ba 'yan tsaki abincin masu ƙwai, yawan kalsiyam ɗinsa na lalata musu ƙoda.

Ta uku, yaya ƙafar take? Baki da ƙashi masu lanƙwasuwa kamar roba na nuna rashin kalsiyam ko bitamin D, kuma suna gyaruwa in an yi hanzari. Nannaɗaɗɗun yatsu na nuna rashin B2, suna warwarewa cikin kwanaki in an sa bitamin a ruwa da wuri, in an makara kuwa jijiyar ta riga ta lalace. Agarar da ta goce ba ta komawa. Abin da ya rage shi ne a kare sauran, ita kuma a hutar da ita da wuƙa. In an riga an ba ta magani, a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalinsa su cika kafin a ci naman.

Ta ƙarshe ita ce ta Batabiya: me ya sauya? Sabon buhu, ko tsohon da ya daɗe a shago zafi ya kashe bitamin ɗinsa, ko wanda ya yi fumfuna? An ƙara dusa? An toshe taga? An shigo da baƙuwar kaza daga kasuwa an sake ta cikin na gida ba tare da an keɓe ta mako biyu ba?

Komawa ɗakin ƙurya

Mun ɗauki hoton kajin goggo a waya, muka kai biyu daga cikinsu wurin wani jami'in kula da dabbobi. Ya matsa bakin ɗaya da yatsa, ya ga ya lanƙwasa. Ya shafa gwiwar ɗayar, ya ce wannan agararta ta riga ta goce. Shawararsa ba ta yi wa goggo daɗi ba: ta sayar da goma a yadda suke, ta sayi abincin da zai ishi sauran ba gauraye. Ta yi haka tana mita. Aka cire tsumman taga aka sa raga, aka riƙa fito da su hantsi cikin wani ɗan shinge kafin rana ta yi zafi, aka zuba bitamin a ruwa, fitila kuma ta riƙa mutuwa bayan sallar asham. A cikin bakwai ɗin, huɗu suka miƙe kafin Sallah. Uku aka yanka a gida bayan kwanakin magani sun fita. Kuɗin adashe ya dawo da ɗan abin da ya hau kai, ɗinkin yara ya samu, nata zanen ne bai samu ba.

Bana da na kira ta na tambaye ta ko ta sake zubawa. Ta ce ta zuba goma sha biyar.

Na ce, "Goggo, ba talatin ba?"

Ta ce, "Ɗan nan, buhun na fara ƙirgawa, sannan na ƙirga kajin."